Allo, Ƙwarya da Jere: Abin da Faris ta Nema, Katsina ke Sakewa

A shekarar 1918, 'yan watanni kafin rasuwarsa, mawaƙin Faransa Guillaume Apollinaire ya fitar da wani littafi mai suna Calligrammes. Wasu daga cikin waƙoƙin ba a jera su baiti bayan baiti ba. Wata an zubo haruffanta daga saman shafi zuwa ƙasa kamar saukar ruwan sama, wata an gina ta da siffar Hasumiyar Eiffel, ta yadda ido zai ga hoton tun kafin baki ya furta kalmar. Har yau ana koyar da littafin a makarantun Faransa a matsayin wata gaɓa da rubutu ya koma zane.

A unguwa irin Ƙofar Kwaya ta birnin Katsina, abin da Apollinaire ya yi suna a kansa ba baƙo ba ne. Akwai almajiri da allonsa, akwai allon zayyana da ake ɗauka ranar sauka, akwai karin maganar da aka rubuta da fenti a bayan mota, akwai aska takwas a ƙirjin babbar riga, akwai ƙwaryar da mata ke kifewa su kaɗa a gidan biki. A waɗannan wurare harafi da hoto da sauti da kayan gida ba su taɓa rabuwa ba. Faransawa sun shafe kusan ƙarni guda suna ƙoƙarin haɗa su, alhali 'yan bokon ƙasar Hausa, waɗanda suka fi kowa ikon riƙe wannan gado, suna kallonsa yana zubewa saboda ba su taɓa ba shi sunan fasaha ba.

Abin da Faransawa suka nema

Damuwar masu fasahar Faransa tana da tushe. Tun da injin ɗab'i ya bazu a Turai daga tsakiyar ƙarni na 15, harafi ya zama ƙarfe da ake jerawa a layi. Kowane "a" daidai yake da ɗan'uwansa, hannun marubuci ya ɓace daga shafi. Makarantun fasaha na gwamnati kuma suka yanka wa kowa gonarsa: mai zane ya tsaya ga hoto, mawaƙi ga kalma, makaɗi ga kayan kiɗan da aka amince da su. Tukunya da kujera da keke kuwa kayan amfani ne, ba su da wuri a zauren baje koli.

Wannan shingen aka yi ta karyawa. A 1897 Stéphane Mallarmé ya buga waƙar da ya warwatsa kalmominta a faɗin shafi, manya da ƙanana, har farin takarda ya zama ɓangare na ma'ana. A 1913 Marcel Duchamp ya kafa ƙafar keke a kan kujera, a 1917 kuma ya aika mazubin fitsari na banɗaki zuwa wani baje koli a New York da sa hannu a jikinsa. A wannan shekarar ce aka nuna wasan rawa na Parade a Faris, inda aka cusa ƙarar tafireta da jiniya cikin kiɗan Erik Satie. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Isidore Isou, matashi daga Romaniya da ya isa Faris a 1945, ya kafa ƙungiyar da ta ce kalma ta gaji, a koma kan harafi shi kaɗai, a zana shi, a furta shi. A 1948 Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa da murafen tukwane a ɗakin rediyon Faransa, ya yanka ya harhaɗa, ya kira shi kiɗa. A 1960 wata ƙungiyar ta biyo baya: Arman yana tara tarin kaya iri ɗaya cikin akwatin gilashi, Daniel Spoerri yana manne ragowar faranti da cokula a kan tebur ya rataye a bango, Jacques Villeglé yana ɓallo yagaggun takardun talla daga titi.

Dukkansu amsa ce ga rashi ɗaya. Mutane ne da suka ji cewa rubutu ya rasa jiki, kiɗa ya yi nisa da rayuwar yau da kullum, kayan gida kuma an hana su daraja.

Inda ba a taɓa rabawa ba

Yaron da ya fara babbaƙu a makarantar allo yana haɗuwa da harafi ne a matsayin halitta mai siffa. Sunayen da malaman tsangaya suka raɗa wa haruffa sun isa shaida: am baki wofi, wato ainun mai buɗaɗɗen baki, mim jaye, mimun da aka ja wutsiyarsa, ha kuri, wanda ya dunƙule, ba guje, alu ja. Kowane suna ƙaramin hoto ne. Yaron yana rera sunan da murya, yana bin harafin da yatsa, daga baya ya fiƙe alƙalaminsa na kara ya tsoma cikin tawadar zuge da ƙaro. Ido da kunne da hannu suna koyo tare, a kan katako guda da ake wankewa a sake rubutawa.

Idan karatu ya yi nisa, launi ma yana shiga aiki. A Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu bisa riwayar Warshu, baƙaƙe na da tawadarsu, wasula na da ja, hamza na da ɗigon rawaya, alifin sadarwa na da kore. Mai karatu yana gane yadda zai furta daga launin da ya gani. A gefen shafi kuma akwai zayyanar da ke nuna hizbi da nusufi da rubu'i da sumuni da wurin sujada, kowace da da'irarta da saƙarta. Ranar sauka ana ba ɗalibi allon zayyana, Fatiha da farkon Baƙara a zagaye da zane mai launuka, ya zaga da shi gidajen dangi. Shaidar kammala karatu ce, zane ce, kuma abin karantawa ce a bainar jama'a.

Katsina tana da nata babi na musamman a wannan tarihi. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani shi ne ya fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimin lissafi, wato murabba'in da ake cika gidajensa da lambobi ta yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen masanin tarihin Masar. Da yake a lissafin abjadi kowane harafi yana da adadinsa, hatimi wuri ne da harafi da lamba da siffa ke zama abu guda. Malamai sun saɓa kan amfanin da ake yi da hatimi, kuma saɓanin na da muhimmanci, amma ba ya soke cewa Bakatsine ya yi wannan tunani kusan shekaru ɗari biyu kafin littafin Apollinaire.

A ɓangaren sauti, mata ne suka fi riƙe ragamar. Lugude kiɗa ne da turmi da taɓarya, ana daka ana jefa taɓarya sama ana tafi kafin ta sauko. Shantu ɗan duma ne. Kiɗan amada kuwa ƙorai ne aka kife, wata a kan ruwa don ta ba da amo mai zurfi, kuma da shi Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta cika filayen biki shekaru da dama. Kalangun da ya raka Alhaji Mamman Shata har zuwa rasuwarsa a 1999 yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har mai saurare ya ji take ya san da wa ake. Abin da Schaeffer ya nema da murafen tukwane, wato kiɗa daga kayan da ke kusa da hannu, shi ne abin da ke faruwa a tsakar gida tun kaka da kakanni.

Ga kuma jere. Ɗakin amarya na da, bango guda cike da kwanoni da tasoshi da langa da faya-fayi, an tsara su bisa girma da launi tun daga ƙasa har rufi. Yawancinsu ba a cin abinci a ciki. An ɗauke su daga aikinsu an mai da su abin kallo, suna faɗin arzikin gida da ƙoƙarin uwa da idon wadda ta jera. Magina a Zariya da Kano da Damagaram sun yi irin wannan a fuskar gidaje a tsakiyar ƙarni na 20, inda keke da mota da jirgin sama suka zauna kusa da dagi a jikin bango.

Bambancin da bai kamata a rufe ba

Kwatancen yana da iyaka, kuma akwai masu suka biyu da ya kamata a saurara.

Na farko zai ce ajiye allo kusa da mazubin fitsarin Duchamp rashin ladabi ne. Yana da hujja. Isou ya so ya kwance wa harafi ma'ana, ya bar shi tsirara. Mai rubutun allo akasin haka yake yi: harafin a wurinsa amana ne, yana alwala kafin ya taɓa, ruwan da ya wanke allo da shi ba ya zubar da shi inda ƙafa za ta taka. Faransawan tawaye suke yi wa al'adarsu, shi kuwa biyayya yake yi wa tasa. Saboda haka ayar Alƙur'ani ba kayan gwaji ba ce, kuma duk matashin da ya ɗauka zai yi suna ta hanyar wasa da ita ya ɓata hanya tun daga ƙofa. Sai dai ajami ya fi nan faɗi. Da shi Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta, da shi fatake suka riƙe lissafi, da shi aka yi wasiƙun sarakuna da na masoya, da shi kamfanin Triumph na Kano ya buga jaridar Alfijir. Zayyanar kanta, saƙa da da'ira da launi, tana tsayawa ba tare da aya ba. Fili ne babba da mai fasaha zai yi noma ba tare da ya shiga hurumi ba.

Na biyu zai ce neman a auna Katsina da Faris shi kansa ƙasƙanci ne, kamar allo bai isa ba sai Bature ya sa masa hannu. Shi ma yana da hujja, kuma alfaharin cewa "an riga su" abu ne mai arha wanda ba ya ciyar da mai zayyana ko ɗaya. Amfanin kwatancen ɗaya ne: yana tona yadda daraja ke samuwa. Mazubin Duchamp a shago aka saye shi. Abin da ya mai da shi abin tarihi shi ne suna, da masu rubutu a kansa, da gidajen tarihi, da masu saye. Apollinaire da Picasso sun yi sha'awar sassaƙen Afirka, sun tara shi a ɗakunansu, amma sunayen masassaƙan ba su zo tare da kayan ba. Haka allunan zayyana da yawa suke zaune a tarin kayan Turai da ƙaramar takarda mai cewa "Hausa, arewacin Najeriya". Wanda ya yi aikin ba a ambace shi ba.

Abin da suna ke yi ya bayyana a rayuwar Frédéric Bruly Bouabré na Kodebuwa. Ƙaramin ma'aikaci ne da ya ƙirƙiro haruffa don harshensa na Bete, yana zana su a kan ƙananan kwalaye da biro da fensir mai launi. A 1989 aka sa shi cikin baje kolin Magiciens de la Terre a Faris da cikakken sunansa. Ya rasu a 2014, a 2022 kuma gidan fasahar zamani na MoMA a New York ya keɓe masa baje koli shi kaɗai. A gida ma akwai misali: rubutun Sharif Bala Gabari na Kano ya zama sananne a faɗin yankin ne saboda an buga Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, sunansa kuma ya tafi tare da aikin.

Yadda aka yi saki

Rabuwar da Faransawa suka yi kuka da ita ta iso ƙasar Hausa da mulkin mallaka, kuma Katsina na cikin ƙofofin da ta shigo. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta yaye mutanen da suka riƙe Arewa, ciki har da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Alherinta ba ya ƙirguwa. Amma daga wannan zamani aka samu rubutu biyu masu daraja daban: boko na ofis da albashi, ajami na zaure da sadaka. Har yau ana iya kiran alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka "marar ilimi" a takardar hukuma, don kawai bai iya a, b, c ba.

Sauran matakan sun biyo a hankali. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma aka fitar da sabuwar naira 100 babu shi. Aka yi ta muhawara kamar Larabci ne, alhali Hausa ce tsantsa aka rubuta. Mus'hafin bugun injin bisa riwayar Hafsu ya yawaita, ya yi araha. Allunan talla da kwamfuta ke bugawa sun kori mai fenti da buroshi daga gaban shaguna. Kabet da kuloli sun maye gurbin jere, na'urar sauti ta maye gurbin ƙwarya a biki. Babu laifi a kowane ɗaya daga cikin waɗannan, rayuwa ce ke tafiya. Matsalar ita ce ilimin zayyana da fiƙe alƙalami da haɗa tawada da kurɓin ƙwarya ba a littafi yake ba. Daga hannu yake zuwa hannu. Idan ɗan mai zayyana ya ga sana'ar ba ta riƙe gida ya koma tuƙin Keke Napep, kuma ba wanda zai zarge shi, to abin da ubansa ya sani ya tsaya a nan.

Hanyar da wasu suka bi

Akwai waɗanda suka fuskanci wannan mararraba suka fita. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ya yi karatun zane a Landan, ya dawo ya baje aikinsa a Khartum, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya sani tun yana yaro a makarantar allon mahaifinsa. Ya fasa harafin Larabci, ya ciro siffofi daga lanƙwasarsa, ya gina salon da ya kai shi Mbari a Ibadan a farkon shekarun 1960, sannan Tate Modern ta Landan a 2013. A Zariya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 sun ƙi kwaikwayon Turai ido rufe. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya mai da shi tushen koyarwa a Nsukka. A tsakiyar ƙasar Hausa aka yi wannan tunani, amma zayyana da jere ba su samu irin gatan da uli ya samu ba.

Gyaran bai fi ƙarfin Katsina ba. Tsohon ginin Kwalejin Katsina yanzu gidan tarihi ne, kuma babu wurin da ya fi dacewa a tara allunan zayyana da rubutun alarammomin jihar, kowanne da sunan mai shi da unguwarsa da malaminsa da shekarar da ya yi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suna iya gayyato masu zayyana da makaɗan ƙwarya su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami mai ziyara, maimakon a tura ɗalibai su yi musu tambayoyi su tafi da digiri su bar su da godiya. Masu ilimin kwamfuta suna da nasu aikin: samfurin haruffan Alkalami, wanda aka gina kan salon rubutun Kano, ƙungiyar SIL ta ƙasashen waje ce ta yi shi, kuma babu abin da ya hana 'yan gida su yi goma irinsa daga hannun alarammomin da ke raye.

Mafi saurin tasiri kuwa yana aljihun likita da lauya da ma'aikacin banki. Falon da aka ƙawata da firam ɗin da aka shigo da shi daga Dubai zai iya ɗaukar zayyanar da aka yi a cikin gari. Katin ɗaurin aure, bangon littafi, tambarin kamfani, allon ƙofar asibiti, kyautar ban kwana ga abokin aiki, duk wurare ne da hannun mai rubutu zai iya shiga. Sharaɗin shi ne a biya farashin gwaninta, a daina tayin wulaƙanci, a bar mai aikin ya sa sunansa a ƙasa. Wanda ke biyan mai hoto dubban nairori a yinin biki ba shi da uzurin sallamar mai zayyana da kuɗin goro.

Ba a buƙatar mayar da kowa zamanin jere, kuma ba a buƙatar Katsina ta kwaikwayi tawayen Faris. Matashin da zai naɗi amon lugude ya gina sabon kiɗa a kansa, ko budurwar da za ta rubuta waƙarta da ajami cikin siffar dagi, suna buƙatar abu biyu ne kawai: malamin da zai nuna musu yadda ake yi, da kasuwar da za ta nuna musu cewa aikin na da daraja. Malaman suna nan a zaurukan Ƙofar Kwaya da Ƙofar Marusa da Gobarau, yawancinsu sun manyanta. Kasuwar kuwa sai masu albashi sun buɗe ta.